Idan ƙwayar korona tana gyara kurakuranta, daga ina Delta da Omicron suka fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare. Na karanta cewa ƙwayar korona tana da wani sinadari da ke gyara mata kure idan tana kwafar kanta, don haka ba ta saurin canzawa kamar ƙwayar mura. To daga ina sababbin nau'o'inta irin su Alpha da Delta da Omicron suka fito cikin shekara biyu kacal? Kuma me ya sa ake ta sabunta riga-kafi, alhali magani irin Paxlovid yana nan yadda yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka karanta gaskiya ne, abin da duniya ta gani ma gaskiya ne. Sai dai ba za su daidaitu ba sai mun leƙa cikin ƙwayar kanta, don haka ka yi haƙuri da ni, zan ɗan yi nisa.

SARS-CoV-2, wato ƙwayar da ke haddasa cutar korona, 'yar ƙwallo ce mai faɗin nanomita 100 ko kusa da haka. Sai ka jera kusan 1,000 kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Rigarta tantanin maiƙo ne da ta yago daga jikin sel ɗin da ta fito (sel shi ne ƙwayar halittar da aka gina jikinmu da ita), shi ya sa sabulu ke tarwatsa ta cikin sauƙi. A jikin rigar akwai furotin iri uku: M mai ba ta siffa, da E ɗan ƙarami, da S, wato ƙayoyin nan da suka kewaye ta kamar kambi, har aka raɗa wa danginta suna korona tun 1968. A ciki kuma zare ne guda ɗaya na RNA, sinadarin da ke ɗauke da umarnin ƙera ta, wanda furotin N ya nannaɗe. Wannan zaren shi ne duk dukiyarta. Rubutu ne da haruffa huɗu, A, U, G da C, kuma kwafin da aka karanta daga Wuhan aka fitar wa duniya a Janairun 2020 yana da haruffa 29,903.

Ka riƙe wannan adadin da kyau. Ƙwayar infuluwenza tana da haruffa kusan 13,500, su ma a rarrabe gida 8. Ta ƙanjamau ba ta kai 10,000 ba. Dogon kundi irin na korona kuwa wahala ne, domin injin da ƙwayoyin RNA ke kwafar kansu da shi mai gaggawa ne, ba ya waiwaye. A kan ƙiyasta cewa yana kuskure harafi ɗaya cikin kowane 10,000 zuwa 100,000. Mai gajeren kundi za ta jure. Mai haruffa 30,000 kuwa, kurakuran za su riƙa taruwa daga kaka zuwa jika har rubutun ya daina ba da ma'ana, zuri'ar ta ƙare da kanta.

Dangin korona sun tsallake wannan ramin ne da wani furotin da ake kira nsp14. Injin kwafin, wato nsp12, yana tafe yana jera haruffa, idan ya saka wanda bai dace ba sai nsp14 ya ciro shi daga bakin zaren, a sake sakawa. Ɗakin binciken Mark Denison a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka ya nuna ƙarfinsa tun kafin annobar: da suka kashe wannan mai gyara a ƙwayar korona ta ɓeraye da ta SARS ta farko, wato koronar da ta ɓulla a 2002, sauye-sauye sun ninka kusan sau 15 zuwa 20. A MERS, wata 'yar dangin korona, da SARS-CoV-2 ma, da aka kashe shi ƙwayar kasa hayayyafa ta yi gaba ɗaya. Shi ne kuma ke ciro ribavirin, maganin da ke yi wa wasu ƙwayoyin RNA illa ta hanyar shiga zarensu a matsayin harafin bogi.

Yanzu ɗauki alli, ga lissafin da ɗalibanka za su iya yi a kan allo. Da taimakon mai gyara, ana ƙiyasta kuren ya sauka zuwa kusan 1 cikin miliyan 1 a kowane zagayen kwafi. A kundi mai haruffa 30,000, ke nan kwafi 3 cikin 100 ne ke fitowa da sauyi guda. Kaɗan ne ƙwarai. Amma mutum ɗaya a tsakiyar ciwo ana ƙiyasta yana ɗauke da ƙwayoyi tsakanin biliyan 1 da biliyan 100. Ɗauki ƙaramin adadin: kashi 3 cikin 100 na biliyan 1 shi ne miliyan 30. Kowane harafi kuma zai iya komawa ɗaya daga cikin sauran ukun ne kawai, don haka duk sauyin harafi guda da zai yiwu a kundin bai wuce 90,000 ba. Raba miliyan 30 da 90,000, ka ga cewa a hancin majinyaci ɗaya da huhunsa kusan kowane sauyi mai yiwuwa ya riga ya faru, sau ɗaruruwa. Sai ka ninka wannan da ɗaruruwan miliyoyin mutanen da suka kamu. Mai gyara ya rage kure a kowane kwafi, amma ba shi da iko a kan yawan kwafin.

Jikinmu ma yana ƙara nasa. Sauyin da aka fi gani a kundin wannan ƙwaya shi ne C ta koma U, kuma mafi yawan masana na danganta shi da wasu sinadaran tsaron sel ɗinmu, dangin APOBEC, da ke taɓa zaren bayan an gama kwafe shi, lokacin da mai gyara ya riga ya wuce.

Duk da haka, a shekarar farko zuri'ar da ke yawo tsakanin mutane tana tara sauyi kusan 2 ne kawai a wata. Mafi yawan sauye-sauyen ko dai suna nakasa ƙwayar ko ba sa ƙara ta da komai, kuma idan za ta tsallaka daga mutum zuwa mutum 'yan ƙwayoyi ƙalilan ne ke kafa sabon kamuwa, sauran miliyoyin su mutu a inda aka haife su. Abin tambaya ke nan shi ne wane sauyi ne ke samun tsallakawa ya kuma mamaye duniya. Amsar mafi yawanta tana kan ƙaya.

Furotin S yana da tubalan amino asid 1,273, kuma guda uku ne ke harɗewa su zama ƙaya ɗaya. Kowane ɗaya yana lulluɓe da sarƙoƙin sukari 22 da ke ɓoye shi daga idon garkuwar jiki. A can ƙololuwa akwai wani yanki, RBD, wanda ke ɗagowa yana kwantawa kamar murfi. Idan ya kwanta a ɓoye yake, idan ya ɗago sai ya damƙi ACE2, wani furotin da ke bayan sel ɗin hanci da hanyoyin iska da huhu da hanji da ƙoda, wanda asalin aikinsa daidaita sinadaran hawan jini ne. Damƙar kaɗai ba ta isa ba, sai an datsa ƙayar sau biyu. Datsa ta farko furin, wani almakashin furotin na jikinmu, ne ke yin ta tun a cikin sel ɗin da ya ƙera ƙwayar, a wani gurbi da SARS ta 2002 ba ta da shi, don haka ƙwayar takan fito a ɗane kamar tarko. Ta biyu wani almakashin namu, TMPRSS2, ne ke yin ta a bakin sabon sel. Da zarar an yi ta, kan ƙayar ya faɗi, gindinta ya miƙe ya soki tantanin sel ɗin kamar mashi, sannan ya lanƙwaso baya yana jawo tantanin biyu har su haɗe su zama ɗaya. Ta wannan kafar zaren RNA ke zamewa ciki. Duk lokacin da na bi wannan motsi a hotunan madubin lantarki sai na ji mamaki, don ƙayar ba ta ƙona wani makamashi. Ƙarfin yana ajiye ne a cikin naɗinta tun ranar da aka ƙera ta.

Ƙaya ita ce mabuɗin shiga, kuma ita ce kusan abin da antibodi, sinadaran garkuwar jiki masu manne wa ƙwayar cuta su tare ta, ke iya kamawa a jikin ƙwaya mai yawo. Matsi biyu ke nan a wuri ɗaya: duk sauyin da ya ƙara mata riƙo yana da riba, duk wanda ya sa antibodi suka kasa gane ta shi ma yana da riba.

Sunayen sauye-sauyen suna da sauƙin karantawa: harafin farko tsohon tubali ne, lambar gurbinsa ce, harafin ƙarshe sabon tubali. D614G ya bayyana a farkon 2020, ya sa ƙayar ta ƙara ƙwari, murfinta ya fi yawan ɗagowa, kafin tsakiyar shekarar ya mamaye duniya. N501Y yana daidai inda ƙaya ke taɓa ACE2, yana ƙara riƙo, kuma ya fito a Alpha a Ingila, a Beta a Afirka ta Kudu, a Gamma a Brazil, kowace da kanta, ba tare da ta gada daga 'yar'uwarta ba. Wannan shi ne lissafinmu na ɗazu a aikace: tunda kowane sauyi yana faruwa kullum a ko'ina, mai amfani zai yi ta ɓullowa a wurare daban-daban. E484K na Beta da Gamma ya juya cajin lantarkin gurbin, antibodi da yawa suka daina mannewa. Delta, wadda aka fara gani a Indiya, ta zo da P681R a gefen madatsar furin, datsar ta ƙara sauƙi, shiga sel ta ƙara sauri.

Akwai wani abu da ma'aikatan ɗakin gwaji suka gani da idonsu wanda zai yi wa ɗalibai daɗin ji. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen PCR, masu gano ƙwayar ta kundinta, da aka fi amfani da su yana neman wurare uku a kundin, ɗaya daga ciki a sashen ƙaya. A fuskar kwamfuta kowane wuri yana da layinsa, idan ƙwayar na nan layukan uku su tashi sama tare. A ƙarshen 2020, a Ingila, sai aka fara ganin layi biyu sun tashi, na ƙaya yana kwance. Na'urar lafiyarta lau. Alpha ce ta zubar da haruffa 6, tubali na 69 da na 70, daidai inda gwajin ke kamawa. Wannan layin da ya ƙi tashi ya zama hanyar ƙirga Alpha ba tare da karanta kundin duka ba, kuma bayan shekara guda shi ne ya sake taimakawa wajen bin sawun Omicron.

Omicron ita ce ta fi dacewa da tambayarka. Afirka ta Kudu ta sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga Nuwamban 2021. Tana ɗauke da sauyi fiye da 30 a ƙaya kaɗai, 15 daga ciki a RBD, kuma ba daga Delta ta fito ba. Danginta mafi kusa a bishiyar zuri'a na wajen tsakiyar 2020 ne. Bayanin da ya fi ƙarfi wurin masana shi ne doguwar kamuwa a jikin mutum mai raunin garkuwa. A mai lafiya ƙwayar kwanaki take yi a kore ta, ba ta da lokacin tara sauyi a kan sauyi. A mai shan maganin ciwon daji, ko wanda aka yi wa dashen gaɓa, ko mai ƙanjamau da ba a danne ba, takan zauna watanni, an ma rubuta waɗanda suka wuce shekara. Antibodi suna nan amma ba su isa su gama da ita ba, sai su zama rariya, kullum suna tace wadda ta fi iya zillewa. Babu kuma ƙuncin tsallakawa daga mutum zuwa mutum da zai zubar da abin da aka tara. Alpha ma da sauyi fiye da 20 ta bayyana lokaci ɗaya, haka wata jikar Omicron, BA.2.86, a 2023, wadda ta haifi nau'in JN.1. Ina jin zafin yadda wasu suka juya wannan bayani ya zama dalilin ƙyama. Waɗannan mutane su ne suka fi kowa shan wuyar cutar, kuma samar musu magani da wuri yana kare su, yana kare kowa.

Saura hanya ɗaya da mai gyara ba ya gani ko kaɗan. Umarnin ƙera S da E da M da N yana kashi ɗaya cikin uku na ƙarshen kundin, kuma kowanne sai an yi masa gajeren saƙo na kansa. Yadda ake yi shi ne injin kwafin ya faro daga wutsiyar zaren, idan ya iso wata alama mai haruffa ACGAAC sai wani lokaci ya saki wurin, ya yi tsalle zuwa kan zaren inda irin alamar take, ya ƙarasa a can. Tsalle ke nan sana'arsa ta kullum. Idan mutum ya kamu da nau'i biyu lokaci ɗaya, suka haɗu a sel guda, injin zai iya tashi daga zaren wannan ya sauka a kan na wancan, a haifi 'ya mai kan ɗaya da jikin ɗaya. XBB ta 2022 haka aka same ta, daga jikoki biyu na BA.2, wani reshen Omicron, wato BJ.1 da BM.1.1.1, mahaɗin kuma a tsakiyar RBD yake. Harafin X a farkon suna alamar irin wannan gauraye ce. Kowane harafi a zaren daidai aka kwafe shi, don haka nsp14 ba shi da abin cirewa.

Tambayarka ta biyu kuma sai mun koma lokacin da zaren ya faɗa cikin sel. An rubuta shi ne da irin salon saƙonnin sel ɗinmu, har da hular da ke kansu, don haka ribosom, injin ƙera furotin, yakan hau shi ya fara karantawa ba tare da tambaya ba. Abin da yake ƙerawa doguwar sarƙa ce guda mai tubali kusan 4,400. Kusa da ƙarshenta akwai wuri mai santsi, UUUAAAC, gabansa kuma zaren ya ƙulle kansa. Wani lokaci ribosom ya yi karo da ƙullin ya zame baya da harafi ɗaya, tsarin karatun uku-uku ya canza, alamar tsayawa ta ɓace, ya zarce har tubali kusan 7,100. Da wannan zamewar ce ƙwayar ke ƙayyade yawan injin kwafin da take bukata. Cikin sarƙoƙin nan akwai furotin 16 a manne da juna: nsp1 da ke toshe bakin ribosom don kada sel ya kai ƙara, nsp3 da nsp4 da nsp6 da ke gina ɗakuna masu bango biyu inda ake kwafi a ɓoye, nsp12 da nsp14 da muka sani, da sauransu. Amma babu wanda zai yi aiki sai an yayyanka su, kuma almakashi biyu na ƙwayar kanta ke yankan. PLpro yana yanka wuri 3, Mpro yana yanka 11.

Nirmatrelvir, sinadarin da ke cikin Paxlovid, an ƙera shi ne ya yi kama da abin da Mpro ke yankawa. Yana shiga bakin almakashin ya manne wa tubalin sistin na 145, wanda shi ne kaifin, almakashin ya ƙame. Mpro yana yanka ne bayan tubalin gulutamin, zaɓin da ba a san wani almakashin jikin mutum da shi ba, abin da ya sa maganin bai cika taɓa namu ba. Ritonavir da ake haɗawa da shi ba ya yaƙar korona, aikinsa hana hanta saurin narkar da nirmatrelvir ne, kuma shi ne dalilin da ya sa dole likita ya duba sauran magungunan da mutum ke sha.

Me ya hana Mpro canzawa kamar ƙaya? Abu na farko, a cikin sel yake aiki, inda antibodi ba sa kaiwa, don haka babu mai korarsa. Na biyu, bakinsa dole ya dace da wurare 11 lokaci ɗaya. In ya sauya siffa don guje wa magani, sai ya lalata aikinsa. Ka kwatanta da SARS ta 2002: Mpro ɗinsu ya yi daidai da kusan kashi 96 cikin 100, ƙayoyinsu kuwa kusan kashi 76. Saboda wannan kamanni ne kamfanin Pfizer ya iya ɗora aikinsa a kan wani sinadari da ya ƙera tun zamanin SARS ta farko. Omicron da duk sauye-sauyenta, a Mpro sauyi ɗaya ta zo da shi, P132H, shi ma nesa da bakin. Juriya tana yiwuwa, an ga E166V a ɗakin gwaji da kuma wasu majinyata da suka daɗe kan magani, sai dai yana raunana almakashin. Ga shi kuma maganin na kwana 5 ne, masu shansa kaɗan ne idan aka gwada da biliyoyin mutanen da ke ɗauke da antibodi.

Akwai kuma wasu magunguna biyu da ke wasan ɓuya da mai gyara. Remdesivir harafin bogi ne da nsp12 ke ɗauka, amma injin ba ya tsayawa nan take, sai ya ƙara haruffa 3 a gaba, bogin ya riga ya nutse daga bakin zaren inda nsp14 ke dubawa. Molnupiravir kuwa harafi ne mai fuska biyu, yau a karanta shi C gobe U, yana tura ƙwayar cikin ramin nan na tarin kurakurai da danginta suka tsallake. Ina ɗari-ɗari da shi, domin an gano tambarinsa a kundin wasu ƙwayoyi da suka tsira suka kuma yaɗu.

Riga-kafi ƙaya yake nuna wa jiki, don ita ce kaɗai wurin da za a tare ƙwayar tun kafin ta shiga. A wasu alluran an ma kafe ta a siffarta ta kafin datsa da tubalan furolin biyu a gurbi na 986 da 987, dabarar da Jason McLellan da Barney Graham da Andrew Ward da abokan aikinsu suka gwada a kan MERS suka wallafa a 2017. Amma tunda ƙayar ce ke gudu, dole a bi ta: XBB.1.5 a 2023, dangin JN.1 a 2024. Magungunan antibodi na kwalba, masu kama gurbi ɗaya tak a ƙaya, su suka fi shan kashi. Zuwa farkon 2023 Amurka ta dakatar da duk waɗanda take amfani da su a lokacin. Abin da ya riƙe mutane shi ne sel ɗin garkuwa na T. Su ba siffar ƙaya suke kallo ba, gutsattsarin furotin suke dubawa waɗanda sel mai ɗauke da cuta ke bajewa a bayansa, daga ko'ina a tsawon furotin ɗin, har da sassan da Omicron ba ta taɓa ba. Kowane mutum kuma irin gutsuren da jikinsa ke bajewa daban ne, don haka babu sauyi ɗaya da zai kuɓutar da ƙwayar daga kowa. Shi ya sa kariya daga kamuwa ta yi saurin raguwa, kariya daga kwanciya asibiti da mutuwa ta daɗe.

Masu neman riga-kafin da ba zai bukaci sabuntawa ba gindin ƙayar suke hari yanzu, sashen nan da ke miƙewa ya lanƙwaso, domin shi ma kamar Mpro yake, aikinsa bai bar masa sararin canzawa ba. Wahalar ita ce sukari ya rufe shi, kan ƙayar ya yi masa inuwa, kuma antibodi da jiki ke yi masa ba su da yawa, ƙarfin tarewarsu bai kai na masu kama RBD ba.